Kallon da Inna Hajo Ta Yi

Da fuskar Inna Hajo ta cika talabijin ɗin, addu'a ɗaya na yi: Allah Ya sa a ɗauke wuta.

Ba a ɗauke ba. A iya sanina, ranar ce kaɗai wuta ta yini a unguwar Matsaro.

Falon cike yake da mata, dangin amarya da dangin ango, an taru kallon fim ɗin bikin Amira. Ni na ɗauki ɓangaren mata, Safiyanu yayan amarya ya ɗauki na maza, shi ne kuma ya haɗa fim ɗin. An wuce kamu, an wuce lalle, kowacce na neman kanta ta ga ko ɗaurin kallabinta ya zauna. Sai ga wurin da na ce masa ya yanke.

Inna Hajo ce, uwar amarya, tsaye a bayan labulen ɗakinta, ta ɗan ɗage gefensa da yatsu. Kyamara ta bi idonta zuwa tsakar gida, sai ga Safiyanu yana ɗora akwatin amarya a ka, gumi ya jiƙa masa riga. Kyamara ta dawo kanta. Murmushi take yi, irin wanda mutum bai san yana yi ba. Har ta sa bakin mayafi ta goge ido.

Safiyanu kuwa ɗanta ne na fari.

Matan falon suka juyo suka dubi inda Inna Hajo ke zaune.

Rashin sa'ar da aka yi, dangin ango Barebari ne, kun san kuwa tsakaninsu da Fulani babu ragayya. Wata tsohuwa a cikinsu ta gyara zama, ta tafa hannu.

"Af, Hajo! Ashe haka kuke yi a bayan labule? Mu da aka ce mana Bafulatana ba ta san kamannin ɗan farinta ba?"

Aka kwashe da dariya. Wata ta ce a mayar baya ba ta gani da kyau ba. Aka mayar.

Inna Hajo ta miƙe. A bakin ƙofa ta tsaya ta dube ni, duba ɗaya, ta fita. Ni da aka tsayar da maganar cewa bayan bikin nan manyan Safiyanu za su je gidanmu tambaya.

Mu ma a gidanmu ana kunyar ɗan fari, amma tamu ta 'yan kasuwa ce, ana yi ana ragi. Ta su Inna Hajo ba ragi. Tun da aka yaye Safiyanu aka kai shi wurin kakarsa a Birniwa, sai da ya isa sakandare ya dawo. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, "na Birniwa" take cewa, shi ma in ta kama dole. Shi kuma Adda yake ce mata, kamar wata yayarsa. In ya shigo gaisuwa, bango yake gaisarwa, ita kuma ta amsa wa tukunya. In ta dama masa fura, sai ta ce da Amira akwai saura a ƙwarya, a ba kaji ko duk wanda ya zo wucewa.

Haka suke, ba wanda ya taɓa cewa sun yi laifi. Ni ce na zo da kyamarata.

Sunana Kulu, 'yar Malam Haruna mai banda a kasuwar kifi. Ban yi makarantar hoto ba, ban kuma san inda take ba. Shekarar da ruwa ya shigo mana gida, ya ci shinkafa ya ci katifu, Ummata ba ta yi kuka ba sai da ta buɗe kundin hotunan aurenta, ta taɓa fuskar mahaifiyarta, fuskar ta biyo yatsanta. Daga nan abin ya shiga raina.

Kyamarar farko a wurin Baba Zarami na saya, lokacin da zai rufe shagonsa. Duk wanda ya girma a Haɗejiya ya san shagon, mai labulen da aka zana jirgin sama da gidan bene. Rabin garin nan sun jingina da jirgin nan, hannu a ƙugu, ba wanda ya taɓa zuwa ko Kano a cikinsa. Baba Zarami ya miƙo min ita a cikin buhun gishiri, ya ce in riƙa tsayawa rana na bayana, sauran kuma Allah ne ke yi.

Sauran a waya na koya, wurin wasu Indiyawa masu koyarwa. Ba na jin abin da suke cewa, yatsansu kawai nake bi. Na fara gwaji a kan kifi, don shi ba ya motsi ba ya kuma cewa an baƙanta shi. Daga kifi na koma awaki, daga awaki na koma 'yan matan unguwa. Awakin sun fi sauƙin kai.

A fadamar Baturiya na fara ganin Safiyanu. Wata ƙawata ce za ta yi hoton kafin aure, na bi ta riƙon jaka, kyamarata a ƙarƙashin hijabi. Shi ne mai hoton da aka ɗauko, ya zo da wata riga mai aljihu ta ko'ina, a wuyansa kati an rubuta Darakta. An ce ya yi kwas a Kano, wata guda cur. Ya sa ango da amarya a kwale-kwale, ango cikin kwat ɗin aro, ya ce masa ya ɗaga kai ya kalli makomarsa. Ango ya ɗaga kai ya kalli ciyawar kacala.

Sai Darakta ya fito da ɗan jirginsa mai kyamara ya tayar. Tsuntsayen wurin, waɗanda aka ce daga Turai suke zuwa, ba su ji daɗin baƙon ba. Suka tashi gaba ɗaya, ya rikice, jirgin ya yi kwana ya faɗa ruwa.

Ya bi shi har ƙirji. Ya fito da laka har gemu, jirgin a sama kamar ya kamo ragon ruwa. Na ɗauka.

Ya ce in goge. Na ce ban kai wannan darasin ba.

Ya ce to ya gani. Ya daɗe yana kallon hoton, laka na ɗiga a ƙasa, sannan ya ce ya yi duhu, kuma na sare masa ƙafa. Gaskiya ya faɗa. Sai kuma ya fashe da dariya har ya zauna a ƙasa, na ga ashe a ƙarƙashin aljihunan nan akwai mutum.

Shi ya kawo shawarar mu haɗa aiki. Shi ba ya shiga cikin gida wurin mata, ni ba na zuwa ƙofar masallaci wurin ɗaurin aure, kowannenmu rabin biki yake sayarwa. Sai muka koma shi waje ni ciki, in an tashi mu haɗu a zaure in miƙa masa katin kyamara. Rigarsa dai abin dariya ce, amma in ya zauna gaban kwamfuta, bikin da aka yi faɗa a kan naman kaza sai ya fito kamar na mutanen kirki.

Waɗannan shekarun... Mu hau babur biyu mu tafi Guri, ƙura a gaba ruwa a gefe. Mu tsallaka fadama a kwale-kwale, na rungume jakar kyamara kamar jinjiri. A ba mu burabusko a kwano daban-daban, shi a waje ni a ciki, in aika masa da tsokar da ta fi girma in ce ta yi min tauri. Amare su ce in ƙara musu haske, in ƙara har sai uwar miji ta tambaya wace ce wannan.

Katina kuma bai taɓa dawo min da shi wayam ba. Kullum sai na tarar ya bar wani abu a ciki. Yau masunci a kan gora yana bin ruwa. Gobe rana tana faɗuwa ta bayan gada. Wata rana shanu suna iyo, ƙahoninsu kawai ake gani. Ba magana, ba waƙa. Ya daɗe yana haka kafin ranar da na buɗe na ga shi da kansa, ya cire rigar aljihu, yana ta gyaran murya.

"Kuluwa... ni dai na gaji da tsayawa a zaure."

Iyakar fim ɗin ke nan. Washegari na ce masa sautin bai fita da kyau ba, ya sake. Ya sake, a gabana.

Babana bai so ba da farko. Ya ce mai yawon biki ta auri mai yawon biki, wa zai zauna a gida? Ummata ta ce masa shi ma ai yawon kasuwa ya aure ta yana yi. Daga nan ya sauko. Saura gidansu Safiyanu, su kuma suka ce a bari a gama da Amira.

To ga yadda aka gama.

Washegarin kallon fim na sami Safiyanu a bakin kogi da la'asar, inda masu wankin babura suke. Yana zaune ya zuba wa ruwa ido.

"Na ce ka yanke."

"Na yanke."

"To aljanu ne suka mayar?"

Ya ce ya yanke, ya mayar, ya sake yankewa, ya tashi ya yi alwala ya dawo ya mayar. Na fara yi masa bayanin abin da ya jawo mana, yadda tsohuwar nan za ta kai labarin har Nguru, sai ya katse ni.

"Kulu, ni ban taɓa ganin idonta a kaina ba. Tunda nake. Da na gani sai na ji ina so wani ma ya gani, don kar in wayi gari in ce mafarki na yi."

Na zo da faɗa cike da baki. Na zauna nesa da shi kaɗan, muka kalli ruwa tare.

Da a falon abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma akwai Adila, 'yar ƙanen Inna Hajo, wadda tun suna yara ake cewa ita ce matar Safiyanu, ita kuma ta ɗauki wasan da gaske. Ta yi shekara ɗaya a Abuja wurin wata 'yar uwa, ta dawo ba ta iya cewa sannu sai ta hanci, gashin idonta kuwa in ta ƙifta sai ka ji iska. Ita ta yanko wurin, ta ɗora masa waƙar uwa mai sa kuka, ta saka a sitatus. Kafin Juma'a har matan rugar Birniwa sun gani. Inna Hajo ta daina zuwa suna, ta daina zuwa gaisuwar mutuwa sai da sassafe.

Adila kuma ta tare a gidan, wai taya ta baƙin ciki. Tana yanka albasa da faratan roba tana cewa ai irin su Kulu haka suke, sayar da sirrin mutane ne sana'arsu.

Hukunci ya iso gidanmu ta bakin Gwaggo Huseina, ƙanwar mahaifin Safiyanu. Ta sha ruwa, ta tambayi kasuwa, sannan ta ce Hajo ta ce yarinyar da ke leƙen labulen mutane ba za ta shigo mata gida ba. Alhaji Bakari, mahaifinsa, ya ce shi wannan maganar mata ce, ya tafi duba shanunsa.

Aiki ma ya canza. Gidajen Fulani suka daina kirana. Wasu gidajen kuma sai kira ya ƙaru, don abin ya zama yayi. In je biki, uwar ango ta ja ni gefe ta ce za ta tsaya a bayan labule, in ɗauke ta kamar ba ta sani ba. Wata har da tambayata ta wane ido hawayen ya fi fita. Na ɗauke su duka. Ko ɗaya bai yi kama da na Inna Hajo ba.

Safiyanu ya roƙi Gwaggo Huseina ta gaya wa Adda cewa shi ya bar wurin, ba ni ba. Gwaggo ta ce ita ba za ta ɗauki wannan ba, ai ƙarin kunya ne a ce wa uwa ɗan ya zauna ya ƙare mata kallo. Ya je wurin mahaifinsa, aka ce yana wurin shanu. To shi da ita ba sa magana. Ya zai yi?

Amira ce ta ba ni labarin, don ranar ta je gida. Ta ce da hantsi ya shigo, Inna na daka a gindin darbejiya. Ya wuce ta, ya je gaban ragon da ke ɗaure a turke, ya durƙusa kamar mai gaida surukinsa.

Ya ce da ragon, da ƙarfi yadda kowa zai ji, yarinyar nan ta ce a yanke, shi ne ya ƙi. Ya ce ba don ya tozarta kowa ya yi ba. Ya ce yaron da aka kai Birniwa ya daɗe yana tambayar kansa ko an san da shi a gidan nan, yanzu ya samu amsa, in laifi ne nasa ne. Ya ce kuma a gaya wa duk wanda ya kamata a gaya wa, in ba Kulu ba, zai zauna haka.

Rago na ta tuƙa.

Amira ta ce taɓarya ta tsaya a sama. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta sauka, dakan ya ci gaba. Sai da ya kai ƙofa Inna ta ce da Amira ta gaya wa masu hira da dabbobi su rufe mata ƙofa, kaji na fita.

Amira ce kuma, a ranar, ta nuna wa Inna daga wayar wa abin ya fara fita. Inna ba ta yi wa Adila faɗa ba. Ta dai ce mata mahaifiyarta na nemanta a gida, kuma kullum ta zo sai a sake gaya mata haka.

Amma ni ba saƙon da ya iso gare ni. Damina ta shigo, ruwa ya cika fadama, aka shuka shinkafa, ta yi kai. Muna haɗuwa a zauren mutane, in miƙa kati ya karɓa. Rigar aljihu ta fara yi masa yawa.

"Ka ci abinci, Darakta."

"In kin dafa."

Sai bayan girbi Gwaggo Huseina ta sake zuwa. Ta ce Hajo za ta Umara, ana son hoton fasfo, ta ce kuma ba za ta zauna gaban namiji ba. Garin nan akwai mata masu hoto bayan ni. Ban faɗa ba, na ɗauki jakata.

Na same ta a ɗaki, ta sha farin mayafi, ta zauna a miƙe kamar za a yi mata allura. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Na rataya farin ƙyalle a bayanta. Na ce ku ɗan ɗago, Inna. Ta ɗago. Na ɗauka.

Ina naɗe ƙyalle ta yi magana.

"Me ya sa kika ɗauka, ranar?"

Na shirya amsoshi masu kyau tun daga gida, duk suka gudu.

"Ya yi kyau ne, Inna."

"Kyau."

"Na ɗauki iyaye mata da yawa. Ban taɓa ganin irinsa ba."

Ta kawar da kai wajen taga. Gwaggo Huseina ta kama gyaran carbin da bai lalace ba.

"Mai hira da ragon nan... an ce ba ya cin abinci."

"Haka aka ce."

"Kin iya tuwo, ko sai hoto?"

"Ina taɓawa. Amma hoton ya fi."

Gefen bakinta ya motsa, ta danne shi. Ta nuna kyamarar da haɓa.

"Ranar, ba na son ganin ƙarfen nan a gidana. Ko naki, ko nasa, ko na waya. Ko ɗaya."

"Wace ranar, Inna?"

Ta dubi Gwaggo.

"Huseina, su 'yan kasuwar kifin nan komai sai an ɗora musu a sikeli?"

Ban san lokacin da na zauna daɓas a tabarma ba. Na rufe fuska da farin ƙyallen fasfo, ina jin Gwaggo na cewa to kar ki ɓata shi, na aiki ne.

Haka aka yi bikinmu. Ranar buɗar kai Gwaggo Huseina ta kafa kujera a bakin ƙofa da ƙaton kwando, duk wadda za ta shiga sai ta ajiye waya. 'Yan mata suka yi ta magiya. Adila ta zo da kwalliyar da aka fara tun asuba, ta shiga ta fita ba wanda ya adana ta a hoto. Abokan Safiyanu masu hoto suka zauna a waje hannu rabbana, suna ɗaga yatsu suna auna haske don sabo.

An sanar cewa uwar ango ta gudu maƙwabta, kamar yadda ake yi. Aka rufe ƙofa, mata zalla, aka kifa ƙwarya a ruwa aka fara kiɗa. Ni ina tsakiya a lulluɓe, amma mayafin amarya ba bango ba ne. Abin da ya faru bayan nan, matan da ke wurin sun gani, har da tsohuwar nan ta Barebari, wadda a karon farko a rayuwarta ta ga abu ta haɗiye.

Mu biyu masu hoto, mun ɗauki auren rabin Haɗejiya, namu ko ɗaya babu. In amare sun zo shagonmu suka ce in nuna musu namu, sai in ce yana wurin wanki.

Sai dai magana ba ta rasa hanyar fita. Ba a daɗe ba wani ya shafa wa Safiyanu, tun daga lokacin kuma bai bar ni na huta ba. Ko jiya, yana cin tuwon da har yanzu hoto ya fi shi, ya ajiye loma ya matso.

"Kuluwa, don Allah. Tsakaninki da Allah. Wai da gaske ne Adda ta yi rawa a bikina?"

Na ƙara masa miya.

"Kana da hoto?"